Sittin nawa, arba'in na Anti

Ni asali lalle na iya, ba farce ba. Tun ina sakandare nake zana wa 'yan unguwarmu a Tudun Wada, ja da baƙi, na salatif da na zane, in ana gobe Sallah tsakar gidanmu ba masaka tsinke har Baba ya fara faɗa wai an maida masa gida kasuwa. Da na gama NCE aka shiga zaman jiran aikin da ba ya zuwa, sai Umma tace tunda Allah ya ba ki hannu ki tafi Kaduna wajen 'yar yayata ki ƙara da gyaran farce da wankin ƙafa. Wata biyar nayi a can cikin 2022, ina shara ina wanke tawul ina kallon hannunta har aka fara sakar min kwastoma. Na dawo Zariya da 'yar jakata, garin akirilik da ruwansa da ake haɗawa a gina farce a kan na gaske, jan farce na jel kala goma sha biyu, farcen roba, gam, abin gurza farce, da fitilar nan da ake zura hannu ciki jel ya bushe. Kaina kuwa cike da lissafin dokin rano.

A gida dai ba kasuwa. Duk wadda ta san kan abin ta san jan farce da jel da farcen roba suna hana ruwan alwala taɓa farce, shi yasa 'yar Hausa ba ta saka su haka kawai sai in tana fashin sallah, ko amarya da ƙawayenta da za su saka ranar dina su cire washegari. Lalle ba shi da wannan damuwar tunda kala kawai yake bari. Toh kinga a unguwarmu sai in yi sati biyu ba wadda tace zo ki min farce. Kasuwar farce tana Samaru inda ɗaliban ABU suke, da Kongo da Sabon Gari, wuraren da ake cakuɗe da kowace ƙabila. Kama shago na kaina kuwa ko a mafarki, kuɗin shekara ake ajiyewa a dunƙule, ga la'adar dillali ga fenti ga madubi ga janareta, ni kuma duk jarina yana cikin jakar da nake rataye da ita.

Ƙawar yayata ce ta haɗa ni da Anti. Shagon gyaran gashi take da shi a Samaru, diraya biyu, wajen wankin kai, 'yan mata biyu masu kitso, sai wani lungu daga bakin ƙofa da tebur a ciki an jibga masa tsofaffin tawul. Lokacin ba a jima da janye yajin aikin ASUU ba, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu aka kai har Oktoba, wata takwas cur Samaru kamar an yi shara, wadda take kan teburin a da ta gaji da zaman kashe ƙuda ta koma garinsu. Anti ta juya hannuna ta duba farcen da na yi wa kaina, ta duba hotunan wayata, tace "ƙanwata ni ba na son dogon turanci, ga tebur ga kujera ga wuta, duk abin da kika yi sittin naki arba'in nawa, ranar Asabar mu yi lissafi." Har da russunawa nace "Anti na gode, Allah ya saka da alheri." Iyakar yarjejeniyar kenan, ko minti biyar ba mu yi ba. A keke ina hanyar gida sai murmushi nake ni kaɗai, ba haya ba adibas, in ban samu ba ba wanda zai biyo ni bashi, ai ni na ci riba.

Baba ya yarda da sharaɗin magariba ta same ni a gida. Kawuna, ƙanin Umma, shi ne kawai ya tambaya "kun rubuta?" Nace haba Kawu, matar kirki ce fa, ai sai ta ga kamar ban yarda da ita ba. Yace toh, Allah ya sa albarka, ya ci gaba da shan shayinsa.

Watanni biyun farko wallahi daɗi. Ɗalibai sun dawo, ga bukukuwan Disamba ga Kirsimeti, wata rana sai in ɗago kai in ga mutum uku a benci suna jirana. A nan na gane dalilin da yasa teburin yake bakin ƙofa, ruwan akirilik wari gare shi mai hawa kai, ina buɗe kwalbar masu kitso za su fara yatsina fuska suna "wayyo ki rufe abin nan." Amma bakin ƙofa a hunturun Zariya wani azaba ne na daban. Kin gama shafa jan farce lumui, yana sheƙi, sai wata mota ta wuce iska ta kwaso ƙura ta watsa a kai, ki duba ki ga tsakuwa-tsakuwa kamar an barbaɗa gero, dole ki goge ki sake. Shi yasa na koma lallaɓa kwastoma su yi jel, shi ana shafawa a zura hannu a fitila, minti ɗaya ya ƙame, ƙura ba ta samun sa. Abin da ban zata ba shi ne wankin ƙafa. Hunturu na shigowa faso da kaushi suka fara kawo min matan aure 'yan uwana Hausawa, waɗanda ba ruwansu da farcen roba, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a kankare, a goge da dutse, a yanke farce a shafe da mai, mace ta miƙe tana kallon dunduniyarta tana sa miki albarka. Kuma kayan aikinsa ba su da tsada ko kaɗan. Da na san haka tun farko da shi na fi tallatawa.

Ranar da idona ya fara buɗewa ita ce ranar da ruwan akirilik ɗina ya ƙare na shiga kasuwar Sabon Gari sayo wani. Na sayi ruwan, na ƙara gam da farcen roba da asiton na cire tsohon farce, na fito na duba jaka sai na ga kusan duk abin da na tara na sati biyu ya tafi. Da dare na zauna da biro. A lokacin cikakken farcen akirilik 4,000 nake yi. Arba'in ɗin Anti 1,600, nawa 2,400. Amma kayan da hannu biyun nan suke ci, in na haɗa gari da ruwa da farce da gam da jel na sama da abin gurzar da yake cinyewa, sun kai 1,300, kuma duk daga aljihuna. Kenan ni da na duƙa awa biyu ina shaƙar wari bayana na ciwo 1,100 nake tashi da ita, Anti da ko kallon wajen ba ta yi ba 1,600. Ban ma cire kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Samaru da dawowa ba. Ashe sittin ɗin nan suna ne kawai, abin da ya kamata in tambaya ranar farko shi ne sittin na me, na kuɗin da kwastoma ta miƙo ko na abin da ya rage bayan an cire kaya.

Na sani, amma na yi shiru. Kunya mana. Kullum zan fito da niyyar yau zan yi magana, ina shiga ta tare ni da "ƙanwata kin karya kuwa? ga ƙosai can", shikenan bakina ya mutu.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Wanda ya ga wannan lokacin ba sai an ba shi labari ba, takardar naira ta zama kamar zinari, layi a bakin banki tun asuba, masu POS suna yanka yadda suka ga dama. Kowa ya koma tiransifa, a shago kuma lambar akawun ɗaya ce manne a jikin madubi, ta Anti. Da can kwastoma a hannuna take ba ni kuɗi in ajiye, Asabar in ƙirga in ba Anti nata. Yanzu abin ya juye, kuɗina gaba ɗaya suna wayarta ni ce mai jira. Ga netwok ba kyau, kwastoma ta nuna miki ta tura, alat bai shigo ba, ta tafi, ya shigo cikin dare ya cakuɗe da na wankin kai da na kitso, ba mai iya cewa wannan na waye. Ranar wata Asabar nace Anti farce bakwai nayi satin nan da wankin ƙafa biyar, tace ita dai farce biyar ta gani. Na fara lissafo su, mai jan gyale, doguwar nan da ta zo da ƙawarta, ita kuma tana ta jan waya sama da ƙasa tana cewa toh nuna min sunansu. Ina zan san sunan da ke kan akawun ɗin mutum, wata ma saurayinta ne ya turo. Ban ce Anti ta ci min kuɗi ba, har ga Allah ban yi mata wannan shaidar ba, ita ma kanta ya ɗaure. Amma farce biyu haka suka bi ruwa, na koma gida ina share hawaye a keke. Washegari na sayi littafi mai ganye arba'in irin na 'yan firamare, duk wadda na yi wa aiki in rubuta abin da na mata da kuɗin da sunan da ya fito a tiransifa, in miƙa wa Anti ta gani kafin kwastoma ta fita. Ta ɗan ɓata rai kwana biyu, daga baya ita da kanta take cewa "ina littafin?"

Daga nan kasuwa ta kwanta. An rufe jami'o'i saboda zaɓe daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, ana dawowa ba jimawa azumi ya kama, a azumi kuwa wa zai miki zancen farce. A nan kam na ga amfanin kamasho, gaskiya a faɗe ta, da haya nake biya da na shiga uku, amma tunda kaso ne in ban yi komai ba Anti ma ba ta samu komai ba, kuma ba ta taɓa canza min fuska ba.

Ana saura kwana uku Sallah na fito da lallena, shago ya cika har waje. Anti tace lalle ma arba'in ne. Ban yi musu ba tunda a shagonta nake zaune, duk da cewa rabin masu zuwan 'yan Tudun Wada ne da suka biyo ni tun daga gida, waɗanda tun kafin in san hanyar Samaru nake musu. Inda muka fara saɓawa sosai bayan Sallah ne, wata amarya ta kira ni in je gidansu a Hanwa in mata lalle da farce ita da ƙawayenta, ranar Lahadi, ranar da ba ma buɗe shago. Nayi aikina na karɓi kuɗina. Litinin ina shiga Anti tace "na ga hotuna a sitatus, ina nawa?" Nace Anti ai ba a shago nayi ba. Tace "a ina ta san ki? Ba wankin kai ta zo yi nan ta gan ki ba?" Nayi tsit, domin gaskiyarta ce, a nan ta gan ni. Amma kuma kuɗin motata, kayana, ranar hutuna, ba wutarta ba kujerarta. Na ba ta wani abu rai ba daɗi, ta karɓa rai ba daɗi.

Akwai kuma wata ɗaliba da na yi wa akirilik, shi ana so bayan sati biyu zuwa uku a dawo a cike gindin da ya tofo, ita sai ta share fiye da wata tana wanki da wanke-wanke da shi, gefe ɗaya ya ɗaga ruwa ya dinga shiga yana kwanciya. Da na cire sai ga farcenta ya yi wani kore-kore a ƙasa, abin da danshi ke jawowa kenan in ya maƙale tsakanin farcen gaske da na sama. Ta ɗaga murya a gaban mutane wai na sa mata cuta. Na cire mata duka, na tsaftace, nace ta bar shi ya sha iska kar a rufe shi da komai, in ta ga ciwo ko kumburi ta je asibiti. Don a kashe wutar Anti tace a maida mata kuɗinta. Na yarda. Sai da ta tafi tace "aikinki ne ai, daga naki za a cire." Duka dubu huɗun. Nace a raina toh arba'in ɗin da kika karɓa fa, ai wanda ya ci ladan kuturu shi ke masa aski. A raina fa na faɗa, a fili "toh Anti" kawai nace.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, cikin kwana biyu litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da 200 ta haura 500. Anti ta tara mu tace daga yau kowa zai dinga kawo kuɗin man janareta, a raba daidai. Nan kam na kasa haɗiyewa. Fitilata wat 48 ce, an rubuta a gindinta, diraya ɗaya kuwa ta haura wat dubu, ko wuta ba ta zo ba ni akirilik da wankin ƙafa da lalle duk ina yinsu ba inji, don gashi ake tada shi. Nace Anti ranar farko cewa kika yi ga tebur ga kujera ga wuta, arba'in ɗin na mene ne in ba na wutar ba? Tace ranar farko nawa ake sayar da mai? Magana ta yi tsawo, masu kitso suka yi kamar ba sa ji. Na tattara jakata na tafi, kwana uku ban leƙa ba.

Umma ce tace zo mu zauna zo mu saɓa, ba a barin wajen neman abinci da fushi, ki kira kawunki. Kawu bai ce min "ban faɗa miki ba?" ba, Allah ya saka masa, cewa kawai yayi ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu, toh ke wace ce da za ki ji kunyar biro da takarda. Ranar Lahadi muka je shago, Anti ta zo da mijinta.

Na yi zaton faɗa za a yi, sai Anti ta jawo wata leda ta zazzage rasit a kan teburina. Kuɗin hayar shago da mai gida ya ƙara, kuɗin wuta, harajin ƙaramar hukuma, kuɗin mai gadin layi, gyaran janareta, ruwan da 'yan garuwa ke kawowa wanda ni ma da shi nake wankin ƙafa ban taɓa tambayar wa ke biya ba. Tace "Malam, shekara nawa nayi ina tara mutanen nan kafin ta zo? Wata takwas na yajin aiki da zoben hannuna na biya haya." Jikina yayi sanyi. Ni ma sai na buɗe littafina na nuna musu 1,100 ɗin nan, mijinta ya karɓa ya duba ya sake dubawa yace mata gaskiya wannan ba daidai ba ne, yarinyar nan wahala take.

Kawu ne ya rubuta da hannunsa. Akirilik da jel za a fara cire kuɗin kaya, muka yanka musu ƙima a kan kowane aiki don kar a dinga ƙirga ɗigon gam, abin da ya rage a raba sittin da arba'in. Lalle da wankin ƙafa tunda kayansu ba tsada suna nan yadda suke. A kan farashin da, farcen dubu huɗu ni 1,620 ita 1,080 kenan. Mai zan bada wani ɗan abu tsayayye duk sati, ba daidai da masu gashi ba. Aikin gida in a shago kwastoma ta san ni Anti na da kashi ashirin, in tawa ce tun asali ba ta da komai, a nan ne aka fi jan magana don Anti cewa take ta yaya za ta bambance, Kawu yace wannan kam sai dai tsoron Allah, ba biron da zai rubuta shi. In an maida wa kwastoma kuɗi kowa ya fito da abin da ya karɓa. Lambar akawun ɗina ta hau jikin teburina, ni ke ba ta nata ranar Asabar daga littafi. Tukuici nawa ne ni kaɗai. Wanda zai bar wani ya bada sanarwar wata guda. Muka sa hannu, Kawu da mijinta suka sa, kowa ya ɗauki hoto a waya.

Har yanzu ina lungun nan na bakin ƙofa. Na sayi fitila mai caji, na sa labulen roba saboda ƙura, farashi ya canza ba sau ɗaya ba, duk sanda kaya suka tashi sai mu zauna mu gyara ƙimar a bayan takardar. Ina zubin adashi da niyyar kama wajena, amma duk sanda na tuna ledar rasit ɗin nan sai in ce bari dai in ƙara shekara. Zancen aikin gida kuwa bai mutu ba, in ta ga amarya a sitatus ɗina sai ta turo "wannan tamu ce ko taki?", wani lokacin ni kaina sai na tsaya tunani kafin in amsa.

Kwanaki Anti ta kawo wata yarinya mai kwalliya za ta ba ta kujera kusa da madubi. Ina jinta tana cewa "ƙanwata ni ba na son dogon turanci", yarinyar har ta fara russunawa tana godiya, sai Anti ta juyo wajena tace "ke, turo min hoton takardar kawunki, hoda da jagira ma ai kaya ne." Na tura, na kuma buɗe durowa na ciro sabon littafi mai ganye arba'in cikin waɗanda nake saye da dozin na miƙa wa yarinyar, tana ta juya shi tana tambayata na mene ne.